Mas'alar Cire Haƙori Ga Mai Shan Maganin Tsinka Jini

Yau na zo muku da wata mas'ala wadda ta shafi jini da haƙori. Kada wani ya ce ina ruwan malamin allo da aikin likita. Ni ma ban neme ta ba, ita ce ta iske ni har zaure.

Ran nan bayan lisha, almajirai sun tashi daga karatun dare, sai ga wani aminina, attajiri mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ya yi sallama, kunci a kumbure, ya naɗe haɓa da rawani. Shekara shida ke nan da aka yi masa aiki a ƙasar Indiya, aka sa masa ƙofar ƙarfe a zuciya, tun daga sa'an nan kuwa kullum sai ya sha ƙwayar maganin tsinka jini. Ya ce, "Malam, jibi za a cire mini haƙori a Nassarawa. Na zo in ji hukuncin alwala in baki yana jini." Na ce, "To, Alhaji, za mu zo kan wannan. Amma ina labarin maganinka?" Ya ce, "Ai na ajiye shi tun shekaranjiya. 'Yan majalisarmu sun ce in ban bar shi kwana bakwai ba, jinina zai ƙare a kan kujerar likita."

Da jin haka gabana ya faɗi, domin na tuna da wani dattijo maƙwabcinmu. Shi ma haka ya yi. Ya yanke maganinsa kwana goma, bai shawarci kowa ba, aka cire haƙori lafiya lau, ko jinin kirki bai zuba ba, har yana murna. Kwana uku bayan haka ya tashi zai tafi masallaci da asuba, ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sāke taka ƙasa da ƙafarsa ba. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Saboda haka gari na wayewa na raka Alhaji wurin likitan haƙorinsa a unguwar Nassarawa. Likita ya ɗage aikin, ya mai da shi wurin likitan zuciya, aka sa shi ya koma kan magani nan take. Bayan 'yan kwanaki aka gwada jininsa, aka cire haƙorin yana kan shan maganinsa, aka yi masa ɗinki biyu, ya koma kasuwa. Abin da na ji a bakin likitocin nan, da abin da wani tsohon almajirina wanda ya yi boko har ya zama likita ya karanta mini daga takardun Turawa, shi zan tsara muku fasali fasali.

Fasali na ɗaya: yadda jini ke tsayawa

Ka sani, ya kai mai karatu, in an cire haƙori, rami ne ke saura a cikin ƙashin muƙamuƙi, jini ya cika shi. Akwai ma'aikata iri biyu a cikin jini waɗanda aikinsu toshe ɓaraka. Na farko waɗansu ƙananan ƙwayoyi ne, ido ba ya ganinsu, da zarar jijiya ta yanke sai su ruga su manne da juna a bakin raunin. Mu kira su 'yan toshe. Na biyu waɗansu sinadarai ne da hanta ke yi, su ne ke saƙa wani siririn zare kamar saƙar gizo, ya ɗaure 'yan toshen nan tam, har jini ya zama guda. Misalinsu kamar magini ne: 'yan toshe su ne tubali, zaren nan kuwa shi ne laka. Tubali ba laka rushewa yake yi, laka ba tubali ba ta tsayawa.

Gudan jinin nan da ke zaune a gurbin haƙori ba ƙazanta ba ne, kamar yadda waɗansu ke zato har su sa tsinke su sakace shi. Shi ne marfin raunin, shi ne kuma harsashin da sabon nama ke tsira a kansa. In ya zauna lafiya, cikin kamar mako biyu dasashi ya rufe, sa'an nan ƙashi ya yi ta cika ramin a hankali har wata uku ko fiye. In kuwa ya fice tun da wuri, sai ƙashi ya zauna tsirara, bayan kwana biyu zuwa huɗu azabar ciwo ta taso har cikin kunne, baki ya yi wari, warkewa ta yi nisa.

Fasali na biyu: magungunan da asalinsu

Ko da yake muna cewa maganin tsinka jini, a haƙiƙa ba ruwa yake ƙara wa jini ba. Abin da yake yi shi ne jinkirta daskarewa. Ana ba da shi ga wanda ake tsoron jini ya yi guda a cikin jijiyarsa, inda ba rauni, gudan ya bi jini ya je ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, ko ta zuciya, ko ta huhu. Daga cikinsu akwai mai ƙofar ƙarfe a zuciya, da wanda bugun zuciyarsa ya rikice, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka sa wa ɗan bututu a jijiyar zuciya, da wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa, abin da kan sami waɗansu fatake saboda dogon zama a mota ko a jirgin sama.

Magungunan kashi biyu ne. Kashi na farko masu raunana tubali, watau 'yan toshe. Babbansu shi ne asfirin, wanda kamfanin Bayer na ƙasar Jamus ya fitar kasuwa a 1899, da ɗan'uwansa Clopidogrel. Duk ɗan toshen da asfirin ya taɓa ba ya sāke aiki har ƙarshen ransa, ransa kuwa kwana 7 ne zuwa 10. Kashi na biyu masu rage laka. Tsohonsu shi ne wanda za ka ga an rubuta Warfarin a jikin kwalinsa, sa'an nan waɗanda suka fito daga 2008 zuwa gaba, irin su Rivaroxaban da Dabigatran da Apixaban.

Labarin Warfarin abin mamaki ne, makiyaya ma sai su saurara. A shekarun 1920 wata cuta ta faɗa wa shanu a arewacin Amurka da Kanada. In an yanke wa sa ƙaho, ko an dandaƙe shi da wuƙa, sai jini ya yi ta zuba har ya mutu. Wani likitan dabbobi, Frank Schofield, ya gano cewa wata harawa ce da ta yi fumfuna suke ci. A 1933 wani manomi, Ed Carlson, ya ɗauko mushen saniya da gwangwanin jini wanda ya ƙi daskarewa, ya kai wa wani masani, Karl Link, a Jami'ar Wisconsin. Link da mutanensa suka yi shekaru suna bincike har suka tsamo sinadarin daga harawar. A 1948 aka fitar da Warfarin a matsayin maganin ɓera. Daga baya aka ga in an auna shi daidai yana ceton ran ɗan Adam, aka yarda a ba mutane a 1954, har shugaban Amurka Eisenhower ya sha shi a 1955 bayan ciwon zuciya ya kama shi. Abu guda, ga guba ga magani, bambancinsu awo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba abin da mutum zai ƙara ko ya rage da ra'ayinsa ba ne.

Yadda yake aiki kuwa, hanta ba ta iya yin sinadaran nan na laka sai da wani abu da ake kira bitamin K, wanda Henrik Dam na ƙasar Denmark ya gano ta wurin gwaji da 'yan tsaki, har aka ba shi kyautar Nobel ta 1943. Warfarin tare wa bitamin K hanya yake yi. Shi ya sa ba ya kama jiki sai bayan kwanaki, in an bar shi kuma ba ya saki sai bayan kwana huɗu ko biyar. Sababbin kuwa suna kamawa cikin sa'o'i kaɗan, su saki cikin kamar yini da kwana.

Fasali na uku: wanne ya fi haɗari?

A nan ne zuciyar maganar take. Da, likitoci da kansu sukan ce a tsai da magani kafin a cire haƙori, abin da 'yan majalisar Alhaji suka riƙe ke nan. Amma ilmi ya ci gaba. A shekarar 2000 wani likitan haƙori Ba'amurke, Michael Wahl, ya tattara rahotannin da aka buga a kan wannan batu, ya auna su. Mutum fiye da 950 aka yi wa aiki a baki suna kan shan magani, ayyukan sun haura 2,400. A cikinsu mutum 12 kaɗai ne jininsu ya bukaci abin da ya wuce dannawa da ɗinki. A ɗaya gefen kuma mutum 526 aka tsai da wa magani. Biyar daga cikinsu gudan jini ya toshe musu jijiya, huɗu suka mutu.

To, ɗan kasuwa ya san lissafi. Jinin gurbin haƙori a fili yake, ido na ganinsa, yatsa na kai masa, ana danne shi, ana ɗinke shi. Gudan jinin da ya tafi ƙwaƙwalwa kuwa ba mai ganinsa sai ya gama ɓarna. Wa zai sayar da gida don ya tsere wa yoyon ɗaki? Saboda haka ƙa'idar da likitocin haƙori na ƙasar Sikotilan suka fitar a 2015, suka sabunta a 2022, ta tafi a kan cewa in haƙori ɗaya ne zuwa uku za a cire, cirewa ta sauƙi, ba a tsai da magani.

Ga mai shan Warfarin akwai sharaɗi. Sai an yi masa gwajin jini wanda ake kira INR, watau awon jinkirin daskarewa. Na mai lafiya wanda ba ya shan magani wajen 1 ne. Yawancin masu shan magani ana so nasu ya zauna tsakanin 2 da 3, na waɗansu masu ƙofar ƙarfe ya ɗan ɗara haka. In gwaji ya nuna ƙasa da 4, ana iya cire haƙori. In ya kai 4 ko ya wuce, sai a dakata, likitan da ya rubuta maganin ya daidaita shi tukuna. An fi so a yi gwajin cikin sa'a 24 kafin aiki, amma wanda awonsa ya saba zama daram ana karɓar na sa'a 72. Mai shan asfirin ba ya bari. Mai shan sababbin magungunan nan, in aikin babba ne, likita yana iya ce masa ya jinkirta ƙwayar safiyar ranar, ko ya tsallake ta. Likita ne zai faɗa, ba majalisa ba, ba mai kemis ba, ba kuma malamin allo ba.

Fasali na huɗu: ran wanka ba a ɓoyon cibi

Wajibi na farko a kan majinyaci shi ne ya faɗi gaskiya. Ka kwashi kwalayen magungunanka duka ka zube su gaban likitan haƙori, har da jiƙo da saiwa da garin da kake sha na gargajiya. In kana da ciwon hanta, ko na ƙoda, ko a danginku akwai masu jinin da ba ya tsayawa, ka faɗa. Waɗansu sukan ɓoye don kada a ɗage musu aiki su rasa cinikin yini guda. Wannan ba dabara ba ce.

Wajibi na biyu, ka tafi inda akwai kayan aiki. Mu mutanen Kano ba mu da hanzari. Ga Asibitin Nassarawa, wanda yanzu ake kira da sunan Muhammad Abdullahi Wase, gwamnan soja da ya rasu a haɗarin jirgin sama a Jos a 1996. Ga Asibitin Murtala a cikin gari. Ga Asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988, da sashensa na haƙori inda ɗaliban Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Mai shan maganin tsinka jini bai kamata ya miƙa bakinsa ga mai cire haƙori na bakin kasuwa ba, wanda ba shi da allurar ɗinki balle gwajin jini. Haka nan ƙaho da tsaga da sauran aikin aska, kada ya kusance su sai ya shawarci likitansa. Wanzamai ma ya kamata su riƙa tambaya kafin su sa aska.

Ka nemi a yi maka aikin da safe, kuma a farkon mako, kamar Litinin ko Talata. Dalili kuwa, allurar kashe zafi tana ɗauke da wani sinadari mai tsuke jijiyoyi. In ta sake bayan sa'a biyu ko uku, jini yana iya dawowa. Gara ya dawo da rana likita na nan, da ya dawo daren Asabar. Likita yakan cusa wani abu mai kama da soso a gurbin, ya ɗinke bakin, wani lokaci ya jiƙa ƙyalle da wani magani mai hana gudan jini narkewa, wanda wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka fitar a 1962.

Fasali na biyar: bayan an dawo gida

Ka ciji ƙyallen da aka sa maka da ƙarfi har rabin sa'a, ba magana, ba leƙawa. Yinin nan da darensa kada ka kurkure baki, kada ka yi ta tofar da yawu, kada ka tsotsi wurin, kada ka taɓa shi da harshe ko yatsa. Ka bar shayi da koko mai zafi sai sun huce. Ka bar goro, da rake, da ƙilishi, da taba ko ta hayaƙi ko ta gari, har kwanaki. Ka ci abu mai laushi ta ɗaya gefen, ka kwanta da matashi ya ɗaga kanka, ka bar ɗaukar kaya mai nauyi. Bayan sa'a 24 sai ka fara wanke baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a hankali, ka bar shi ya zubo da kansa.

Game da maganin zafi, a nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Farasitamol shi ne ya dace, gwargwadon yadda aka rubuta maka. Amma Ibuprofen da Diclofenac da asfirin na ciwon kai suna ƙara zubar jini, a baki da cikin ciki. Ku lura, hodar Alabukun da ake sayarwa a tebur tana ɗauke da asfirin. Har wa yau Flagyl da Septrin suna ƙara wa Warfarin ƙarfi ƙwarai, kada ka saye su da kanka don kumburi. Ganyaye masu kore kamar alayyahu da kabeji suna da bitamin K. Ba a hana ka ci ba, abin da ake so kada ka canza yawan abin da ka saba ci farat ɗaya.

In jini ya dawo, kada ka firgita. Ɗigo kaɗan in ya gauraya da yawu sai ya yi kamar mai yawa. Ka zauna a miƙe, ka naɗe ƙyalle mai tsabta, ka ɗan jiƙa shi, ka ɗora daidai kan gurbin, ka cije minti 30. In ka yi haka sau biyu bai tsaya ba, ko guda-guda na cika baki, ko ƙarƙashin harshe da wuya sun kumbura, ko numfashi ko haɗiya ya yi wuya, ko jiri na ɗibarka, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Haka kuma in an ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a ruga da shi nan take, kada a tsaya shafa mai.

Fasali na shida: amsar tambayar Alhaji

Yanzu sai mu koma ga abin da ya kawo shi zaurena, wanda shi ne fagena. A mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki sunna ce daga sunnonin alwala, ba farilla ba ce. Wanda likita ya hana shi kurkura yini guda, ya bar ta, alwalarsa ta inganta. In ya so, ya ɗan sa ruwa a baki ya sunkuya ya zubo, ba tare da wasa da shi ba. Fitar jini daga dasashi kuma ba ya warware alwala a wurinmu. Asuwaki ya yi shi a sauran haƙora, ya kauce wa wurin raunin. In azumin nafila ya saba yi, ya sha ruwa ran nan, domin ya sami shan magunguna a kan lokaci, kada kuma ya haɗiyi jini yana azumi. In watan Ramadan ne kuma ciwon zai iya jira, a bari sai bayan Salla. In ba zai jira ba, hukuncin majinyaci sananne ne.

Ina roƙon malamai 'yan'uwana, mu da mutane ke kawo wa kukansu tun kafin su je asibiti, in irin wannan ya zo gabanmu mu tambaye shi abu biyu: ka gaya wa likitan haƙori maganin da kake sha? Wa ya ce ka bari? Mu yi masa addu'a, sa'an nan mu tura shi ga masu sanin abin, gama kowane fage da mutanensa. Ku kuma 'yan kasuwa, in abokinku na rumfa yana ciwon haƙori, ku taimake shi da jiran kanti, kada ku taimake shi da fatawar magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah shi ne mafi sani. Wassalam.